Mun tarar da kwalaben magani a ƙarƙashin katifar abokinmu: ta ina fadarmu za ta fara?

Wani matashi daga nan cikin Damagaram ya aiko da wannan tambaya: "Hajiya, ni ke riƙe da asusun fadarmu. Wata biyar ke nan da rasuwar abokinmu, ɗan kabu-kabu, ya bar mata da goyo. Sai da aka zo kwashe kayan ɗakinsa muka ga kwalaben maganin sida a ƙarƙashin katifa, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Abin ya tsaya mana a rai, muka ce za mu kafa ƙungiyar taimakon masu cutar da wayar da kan matasa. Mun yi hayar kujeru da lasifika mun kira taro, yara ƙanana kaɗai suka zo. Limamin unguwa kuma ya aiko cewa kada mu koya wa 'ya'yan mutane lalata. Yanzu wasu na cewa mu nemo mai cutar ya fito ya yi bayani a bainar jama'a. Ta ina za mu fara?"

Ɗana, Allah ya jiƙan abokinku, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya ba ku ladan niyyarku. Na yi shekaru ina awon ciki da karɓar haihuwa a gidajen likita na jiharmu, daga baya na koma ɗakin da ake zaunar da mutum a gaya masa abin da jininsa ya nuna. Kwalaben nan na san irinsu, na kuma san yadda ake yi su kai ƙarƙashin katifa.

Dubi abin da kyau. Abokinku ya yi gwaji, ya san abin da ke jikinsa, ya je ya karɓo magani, ba sau ɗaya ba tunda har kwalabe suka taru. Ke nan ba jahilci ya kashe shi ba. Ba kuma tsadar magani ba, don kyauta ake ba da shi a Nijar, tun shirin gwamnati na raba maganin, INAARV, da aka soma rabo a ƙarƙashinsa a 2004. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya tak da zai iya haɗiye ƙwaya a gabansa. Kullum kuna tare a kan tabarma, a sha shayi na fari da na biyu da na uku har dare ya raba, amma duk cikinku bai ga wanda zai ce wa "ga halin da nake ciki" ba. Ba don in ɗora muku laifi na faɗa ba, sai don ka gane lasifika ba ta kai inda ciwon yake. Na san masu juye ƙwayoyinsu cikin robar maganin ciwon kai. Na san mai cusa auduga a kwalba don kada a ji kacau-kacau in ya ɗauki jaka. Na san 'yan garin nan da ke shiga mota su tafi Mirya ko Matamai karɓar magani, ga gidan likita a bayan gidansu, don kawai kada ƙanwar matar maƙwabci ta gan su a layi. Ranar da kuɗin mota ya gagara, ranar shan magani ya tsaya.

Abin mamaki, ƙarancin masu cutar a ƙasarmu na cikin abin da ke ƙara musu kaɗaici. A 1987 aka fara ganin sida a Nijar. Binciken ƙasa na 2002 ya samu kashi 0.87 cikin 100 na manya, na 2006 ya samu 0.7, na 2012 ya samu 0.4, wato mutum 4 cikin 1,000, ƙiyasin ONUSIDA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da sida, na 'yan shekarun nan kuma ya yi ƙasa da haka, wajen mutum dubu 30 a duk ƙasar. Alhamdu lillahi. Sai dai a ƙasashen kudancin Afirka, inda kusan kowane dangi ke da mai shan magani, zancen ya zama ruwan dare. Nan kuwa mai ita gani yake shi kaɗai Allah ya jarraba, mutanen gari kuma ba su san ko mutum ɗaya mai ita da ke yawo garau ba, sai wanda suka ga ya rame ya mutu. Shi ya sa har yau ake jin "kabari salamu alaikum" a bakin mutane, sunan da ya kamata a ce an manta da shi.

Kafin ku koya wa kowa komai, ku kanku ku koyi abu kaɗan ku riƙe shi daram. Yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, haɗin magani uku da ma'aikata ke kira TLD. Ba ya fitar da ƙwayar cutar daga jiki, danne ta yake yi. Wanda ya riƙe shi ba fashi, galibi cikin wata shida in aka auna jininsa ba a ganin ta, ya yi nomansa, ya yi kabu-kabunsa, ya tsufa kamar kowa. Manyan bincike tun daga na 2011 sun nuna ƙarfin wannan magani wajen kare abokin zama, har aka tabbatar cewa wanda ƙwayar ta kwanta haka a jininsa ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure. Mai cikin da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 da 45 na iya ɗauka, a ciki ko wurin haihuwa ko a nono. Da magani abin na sauka ƙasa da 5. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda allurar wani ta soka, akwai maganin kwana 28 mai hana kamuwa, amma sai an fara shi kafin awa 72. Gwajin da aka yi 'yan kwanaki bayan abu ya faru bai yanke hukunci ba, sai an maimaita bayan wata uku. Sauro ba ya ɗauko ta, ba ta bin kofin shayi ko kwanon tuwo ko buta ko musabaha. Mai ita in tari ya kama shi kada a jira, a kai shi awon tarin fuka, don shi ya fi kashe su. Iyakar karatun ke nan, majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan unguwarku, zai yi muku shi a zama biyu in kun je kun gaishe shi kun roƙa. Ku kuma yi gwajin ku kanku a lokacin, kowa ya shiga shi kaɗai, kada wanda ya tambayi ɗan'uwansa me aka ce masa. Wannan rashin tambayar shi ne darasinku na farko.

Batun fito da mai cutar a bainar jama'a kuwa, kada ku yi. A Disamban 1998 wata mata a Afirka ta Kudu, Gugu Dlamini, ta faɗa a rediyo cewa tana da ita, 'yan unguwarsu suka yi mata dukan da ya zama ajalinta. Nan ba a duka, amma akwai abin da ya kusa. Wata shekara, ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da sida ta duniya, wata ƙungiya ta nemi wadda za ta yi shaida a taro, ni ma ina cikin waɗanda suka lallashi wata bazawara mai suyar ƙosai. Aka yi mata tafi, aka ba ta atamfa da 'yan jikkuna. Mako bai zagayo ba masu sayen ƙosanta suka watse, mai neman 'yarta ya ɗauke ƙafa. Ƙungiyar ta rubuta rahotonta ta koma inda ta fito, matar nan kuwa sai da ta bar unguwar. Har gobe in na tuna ina neman gafarar Allah. Magana zarar bunu ce. Wanda zai fito, sai in shi ya nema da kansa, iyalinsa sun riga sun sani, abincinsa bai rataya ga ra'ayin maƙwabta ba, an kuma ba shi watanni ya yi tunani.

Irin waɗannan mutane akwai su. Masu cutar a Nijar suna da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu, RENIP+, a gidajen likitan da ake ba da magani kuma kan samu masu rakiya da ba da shawara, wasunsu su ma maganin suke sha. Ku neme su, ku bar musu gaba, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. TASO, ƙungiyar taimakon masu cutar ta Yuganda, wadda duk Afirka ke koyi da ita, a 1987 ta fara da mutane ƙalilan da ke taruwa suna ƙarfafa juna, cikinsu har da Noerine Kaleeba wadda cutar ta kashe mijinta. Babu kujerun haya a farkonta.

Ku ba za ku bi gari neman masu cutar ba. Ku bar lambar mutum ɗaya a cikinku, wanda aka shaide shi da riƙon magana, a hannun mai ba da shawara. Shi zai tambayi majinyaci ko yana son a haɗa shi da ku. In ya ce a'a, an gama. Kada kalmar sida ta fito a sunan ƙungiyarku ko a riga ko a allo. Ku kira ta asusun taimakon marasa lafiya, ku taimaki mai hawan jini da mai sikila da mai tarin fuka da gaske, yadda in an ga babur ɗinku a ƙofar gida ba wanda zai ɗaga gira. Kuma ku 'yan kabu-kabu ne, abin da ya fi ƙarfin majinyata shi ke hannunku: kai mutum ranar alƙawarinsa, tuna masa ranar awon jini, kwanon gero ga wanda ke cewa maganin na wahalar da shi in ciki ba komai. A lardin Tete na Mozambik tun 2008 majinyata ke haɗuwa shida shida, kowane wata ɗaya ya je ya karɓo wa sauran. Yanzu ma wanda jininsa ya yi kyau ana iya ba shi na wata uku ko fiye a tafi ɗaya, abin da ke ceton masu tafiya bida Agadas ko Libiya ko Kano. Da yawa ba su san ana roƙon haka ba, sai su tafi da na wata ɗaya, su dawo a kwance.

Liman bai yi muku laifi ba. Kun kafa lasifika a unguwarsa ba ku yi masa sallama ba, ya ga samari za su yi zancen kwanciya a gaban yara, me kake so ya ce? Ku ɗauki dattijo ɗaya da mai unguwa ku je zaurensa bayan la'asar, ku ba shi haƙuri, ku ce kun zo neman shawara. Kada ku je da kapot, wato kwaroron roba, a aljihu. Ku je da abin da ya fi ku sani: wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ba cuta ba cutarwa. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba, kuma shi kansa malam yana karantar da haila da janaba da wanka a Ahalari ba wanda ya ce lalata ce. Senegal ta tara malamanta kan wannan cuta tun 1995, likitocin Musulmi na Yuganda sun yi aiki da limamai tun farkon shekarun 1990, kuma ƙasashen biyu sun ga amfanin haka. Abin da za ku roƙe shi ba shi da yawa. Ya yi huɗuba a kan rufin asirin mara lafiya. Ya riƙa gaya wa masu zuwa karɓar rubutu cewa a sha rubutu a kuma sha ƙwaya, don na ga waɗanda aka ce musu sun warke suka ajiye magani, wata shida aka kawo su ranga-ranga. Ya sanar da masu azumi cewa mai ƙwaya ɗaya a rana na iya shawara da likita ya mayar da ita bayan shan ruwa. Sai kuma gwaji kafin ɗaurin aure, na budurwa da na bazawara da na mai ƙara ta biyu. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ni ina goyon bayan gwajin, amma ba na goyon bayan a miƙa takarda hannun waliyyai a karanta a zaure. Su biyun za a zaunar a gaya wa, in aka fasa a ce Allah bai yi ba.

In kuna neman abin koyi, ba sai kun tsallaka iyaka ba. Makarantar mazaje da yanzu ake yi a ƙasashe da dama, a jiharmu aka haife ta: a 2008 UNFPA, asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, da hukumomin lafiya suka buɗe guda 11 a yankunan Magarya da Matamai. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, kowa ya kai shekara 25, matarsa na zuwa awo, an shaide shi da hali. Suna zama sau biyu a wata, ba shugaba a cikinsu, su dubi matsalar gidan likitan garinsu su nemo mafita, sarakuna da malamai na bayansu. Fada ce, ba wani abu ba, sai dai an ba ta aiki. Kuma aikin da ya fi dacewa da ku ke nan, maza. A ɗakin awo mace ake fara gwadawa, ita ke fara sani, sai ta koma gida da labari, miji ya ce ita ta kawo, ya miƙa mata takarda, shi kuwa bai taɓa miƙa yatsa an ɗiba ba. Wata saboda tsoron haka sai ta yi shiru, ta sha magani a ɓoye, kishiya na nan ba ta sani ba. Da kowane ɗan fadarku zai raka matarsa awon farko a gwada su tare, ya kuma ja abokinsa ɗaya, da kun yi abin da mu ma'aikata muka shekara ashirin muna fama.

Wayar da kan matasa kuma ba a fili ake yi ba. Samari a fada, goma goma, da namiji babba. 'Yan mata a cikin gida ko a islamiyya, a bakin malama ko ungozoma ko goggo, ku ba ruwanku da wannan zama sai dai ku shirya shi. Kada a jinkirta musu: a Nijar 'yan mata 76 cikin 100 na aure kafin shekara 18, in aka jira su girma a ɗakin miji labarin zai same su. Ku fara da abin da samari ke tambaya a ɓoye, ciwon sanyi. Fitsari da zafi, ko ruwa, ko gyambo a gaba, ba a sayen kafso a tebur a haɗiya biyu a ce an warke. A je likita, a yi wa mutum da abokin kwanciyarsa magani tare, don gyambon nan ƙofa ce ga sida. A yi zancen reza da askar wanzami da allurar mai yawo da jaka. Kapot ma a yi zancensa, a inda ya dace: a tasha, wurin direbobi da 'yan bida, da ma'auratan da ɗaya ke da ita ɗaya ba shi da ita kafin jini ya kwanta. Wanda ya girma a nan ya san kapot ɗin Foula da wasanninta na rediyo da ɗan kokawa Balla Haruna da ya tsaya mata, ba baƙon zance ba ne. Mata masu zaman kansu, waɗanda cutar ta fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba, ta hannun magajiyarsu ake shiga, da ɗan gari kan ci gari, kuma mace ce za ta shiga.

Sai batun tsaya wa mutane, wanda ya fi taro wuya. Ƙasarmu na da doka kan wannan cuta tun 2007, aka sabunta ta a 2015, ta hana nuna wa mai ita bambanci, ta kuma kare sirrin sakamakonsa. Doka dai ba ta tafiya da ƙafarta. Ku sayi littafi ɗaya, ba suna ko ɗaya a ciki, sai kwanan wata da abin da ya faru: ranar da aka ce magani ya yanke, jinin da aka ɗiba wata huɗu ba sakamako, ma'aikacin da ya ɗaga murya a layi ya ce "masu karɓar na wata ku koma can". Ku kai wa majo tukuna, in bai yiwu ba kwamitin kula da gidan likita, sannan babban likitan gunduma, tare da 'yan RENIP+. Kada ku fara da Facebook ko WhatsApp. Hoto ɗaya na layin karɓar magani ya isa ya kashe aure goma. Kuɗi kuma, ku tsaya kan asusunku na mako mako, a karanta lissafi a gaban kowa. Maganin ƙasar nan akasari da tallafin Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ake sayen sa, kuma kowa ya ga yadda Amurka ta datse taimakonta a farkon 2025 ƙungiyoyi da yawa a Afirka suka rufe ƙofa. Na ga ƙungiyoyin da aka kafa don kuɗin zama. Ranar da ambulan ɗin kuɗi ya daina zuwa, ko mai share ofis ba ka samu.

Yanzu bari in tambaye ka abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Mutum nawa suka ga kwalaben nan, kuma bakin mutum nawa labarin ya shiga tun daga ranar? Ka ce ya bar mata da goyo. Wata biyar, ta fita takaba, ba da jimawa ba manema za su fara sallama, ko kuma a ce ƙanensa ya riƙe ta. Mai yiwuwa ta sani tana shan nata a ɓoye, mai yiwuwa ba ta san komai ba tana ba yaro nono. Daren yau ka tara waɗanda suka gani ku yi alƙawari zancen ya mutu a nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gobe kai kaɗai ka je wurin ungozoma ko mai ba da shawara ka gaya mata. Ba kai za ka tunkari matar ba, ba kuma uwar mijin ba. Ungozoma ta san yadda za ta kira ta da sunan awon yaro, ta gwada ta, in ya kama a ɗibi jinin yaron a aika, a sake gwada shi bayan yaye. Ku naku shi ne babur ranar da za ta je, da kuɗin da ke cikin asusun nan da kake riƙe.